A Je A Gani, A Dawo A Gina!

Ya ku mutanen Ɗambatta da Makoɗa! Ya ku mutanen Bichi da Kunchi da Tsanyawa! Ya ku jama'ar Minjibir da Gabasawa da Gezawa, da na Ungogo da Dawakin Tofa, da na Bagwai da Shanono! Iyayena maza da mata, yayyena da ƙannena! Ku ɗan jingine fartanya. Ku tattaro hankalinku wuri ɗaya. Magana ce ta taso, kuma ba mai jira ba ce.

Ku dubi garinku da kyau. Masallacin Juma'a, akwai. Kasuwa, akwai. Shagon cajin waya, akwai. Gidan kallon ƙwallo, har biyu har uku. To, ɗakin karatu fa? Ina yaron da ya taso daga makaranta zai je ya buɗe littafin da ba na aji ba? Ina yarinyar da ke shirin jarrabawa za ta sami wuri mai haske, ba hayaniya, ba aike? Ina manomin da wuta-wuta ta cinye wa dawa zai je ya karanta yadda ake yaƙarta? Ina matar auren da ta koyi haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci za ta sami abin karantawa, don kada karatun ya zube?

Kun san amsa. Ni ma na sani. Saura tashi.

Mu 'yan wannan yanki ba mu gaji lalaci ba. Karkarar da ke kewaye da Kano tana cikin mafi cikar jama'a a duk Afirka ta Yamma. Gona na manne da gona, gida na hango gida. Kakanninmu sun daɗe da daina barin gona ta huta, amma ba su bar ta ta mutu ba. Sun kwashi takin tumaki da awaki a mangala sun kai mata. Sun kora jakuna birni da itace, sun dawo da taki. Sun haɗa gero da wake, sun haɗa dawa da gyaɗa. Sun bar gawo da ɗorawa da kuka a tsakiyar gona, don sun san amfaninsu. Har wani masani ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya shafe shekaru tun daga wajejen 1960 yana nazarin yadda ƙasarmu ke ciyar da jama'a masu yawa haka ba ta gaza ba.

Amma ku lura da abin da ke faruwa. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, 'ya'yansa suka raba. Yau jikoki ne jingim ke kallon ta. A ƙidayar 2006 Jihar Kano ta haura mutum miliyan 9. Tun daga nan kullum ana raɗin suna, gona kuwa ko taku ɗaya ba ta ƙaru ba. Birni yana ta cin gonakin Ungogo da Dawakin Tofa, ana yanka su fuloti-fuloti. Ɗan da ba zai gaji gonar da za ta riƙe shi ba, dole ya gaji wani abin. Wannan abin shi ne ilimi. Ilimi kuwa yana son mazauni.

Don haka abu na farko, mu je mu gani. Gani ya kori ji.

A birnin Kano, a kan titin Ahmadu Bello, akwai babban ɗakin karatu na jiha. Sunan Janar Murtala Ramat Muhammad aka sa masa, ɗan Kano, shugaban ƙasar da aka kashe ranar 13 ga Fabrairun 1976. Nan ne mazaunin Hukumar Ɗakunan Karatu ta Jihar Kano. Da kuɗin jama'a aka gina shi. Da harajin ɗan Kunchi a cikin bulonsa. Da gumin ɗan Gabasawa a cikin rufinsa. Naka ne. Naki ne. Namu ne.

To, mu nawa muka taɓa taka ƙofarsa? Ga shi kullum muna shiga birni. Muna kai wake da riɗi Dawanau. Muna sarin atamfa a Kantin Kwari. Muna dubiya, muna kai amarya, muna zuwa ta'aziyya. Mu ƙara wannan zuwan a kan sauran. Malam hedimasta, ɗebi 'yan aji shida, a yi karo-karon kuɗin mota. Malama ta Islamiyya, ɗebi ɗalibanki. Shugaban matasa, cika mota guda. Baba, in za ka birni, riƙo hannun ɗanka da na 'yarka. Ku shiga da sallama. Kada girman ƙofa ya ba ku tsoro. Kada ƙurar hanya da ke jikin rigarku ta sa ku jin kunya.

In kun shiga, kada ku tsaya a kan littattafai kaɗai. Ku ƙare wa ginin kansa kallo. Ta ina haske ke shigowa? In an ɗauke wuta, ana iya karatu? Iska tana ratsawa, ko sai da fanka? A watan Afrilu, da rana tsaka, mutum zai iya zaman awa biyu? Gurgu zai iya shiga da kekensa? Mai goyo tana da inda za ta zauna? Akwai wurin alwala da banɗaki? Akwai inuwa a waje? Ku gaida ma'aikata, ku tambaye su yadda ake rajista, da yadda suke jera littattafai, da abin da ya fi ba su wahala. Ku rubuta duk abin da kuka ji.

Sannan ku dawo gida a yi muhawara. A majalisa, a gindin darbejiya, a gidan suna, a bakin rijiya. Wani zai ce ginin ya yi, ya nuna girman Kano, haka ya kamata ilimi ya sami gida na alfarma. Wani zai ce girman ya yi yawa, ya yi kama da ma'aikatar gwamnati, talaka na hango shi zai ja da baya. Wata za ta ce ina zankwaye, ina zanen dagi, ina shaidar a ƙasar Hausa yake? Wani zai ce shi dai a ba shi kujera da littafi, ado bai dame shi ba. Duk ku faɗa! Kowa ya amayar da abin da ke ransa. Kada wani ya ce maganar gini ta injiniyoyi ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin kwano cikin bazara ya san gini. Wadda ta taɓa yin daɓe ta san gini. Daga wannan muhawara namu zanen zai fito.

Ku sani, tun daga bakin hanya gini yake gaya wa mutum ya shigo ko ya wuce. Mu mai cewa a shigo muke nema.

Kada ku ce ƙauye ba zai iya ba. An yi. A ƙasar Hausa ma aka yi.

A Jamhuriyar Nijar, cikin jihar Tawa, akwai wani gari Dandaji. Manoma ne irinmu, masu gero irin namu, masu magana da harshenmu. Yawansu kimanin mutum 3,000. Suna da tsohon masallaci na ƙasa, aikin Alhaji Falke Barmu, gwanin maginin da ya gina masallacin Yama, wanda ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Masallacin Dandaji ya tsufa, aka yi niyyar gina sabo. Sai wasu mata biyu masu zanen gini, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran, suka kawo shawara. Kada a rushe tsohon. A gyara shi ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci kusa da shi.

Haka aka yi. Aka kira magina, har da waɗanda hannunsu ya taɓa ginin farko, suka gyara shi. Aka shigar da kantocin littattafai da wuraren zama. Aka gina sabon masallaci mai cin mutum 1,000, da bulon jar ƙasa wadda aka haƙo nan kusa aka matse da inji. Aka yi azuzuwan da manya, maza da mata, za su koyi karatu. A 2018 aka kammala, aka sa wa wurin suna Hikma. Mutum ya idar da sallah, ya taka kaɗan, ga shi a ɗakin karatu. Yaro ya ji kiran sallah, ya rufe littafi, ya je ya dawo. Aikin ya ci kyaututtuka a duniya. Duk mai babbar waya a cikinku ya nemo hotunan yau ɗin nan, ya nuna wa 'yan majalisarsu.

Wani zai ce ai Dandaji mahaifar tsohon shugaban Nijar ce, Mahamadou Issoufou, suna da manya. To, mu ba mu da manya? Wace ƙaramar hukuma ce a arewacin Kano ba ta haifi farfesa ba? Wacce ce ba ta da alhazan hatsi a Dawanau? Wacce ce ba ta da 'ya'ya a manyan ofisoshin Kano da Abuja? Manyanmu suna nan. Kiran su ne ba mu yi da murya ɗaya ba.

Ku ƙara jin wani. A Burkina Faso akwai ƙauyen Gando. Ɗan garin, Francis Kéré, ya je Jamus ya karanci zanen gini, ya dawo ya tara mutanensa. A 2001 suka gama makarantar firamare da bulon ƙasa. Ya ɗaga rufin kwano sama, ya bar sarari tsakaninsa da silin, iska na bi tana kwashe zafi. Da aka zo ginin ɗakin karatu, mata suka ɗauko tukwanen ƙasa, aka yanyanka su aka jera cikin rufi. Haske na saukowa ta bakinsu, zafi na fita. A 2022 aka ba shi kyautar Pritzker, wadda babu kamarta a fagen zanen gini, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya samu. Da me ya fara? Da ƙasa. Da tukunya. Da gayya. Wanne ne babu a garinmu?

Mu ba baƙin gini ba ne. A wajejen 1830 Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya da tubali da azara, ya ɗaure bakan gizon da har yau masana ke zuwa kallo. Gidan Rumfa da Gidan Makama suna nan a birni, tushensu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Maginanmu sun san azarar giginya tana gagarar gara. Sun san makuba daga ɓawon ɗorawa. Sun san laso, na katsin marina da gashin akuya da dafara, mai hana ruwa ratsa soro. Sun san bango mai kauri yana shanye zafin rana, ba ya sakin sa sai dare. Sun san daga gabas hadari ke dukan gini, shi ya sa suke ƙarfafa bangon gabas. Duk wannan ilimi ne, kuma yana cikin kan tsofaffin da muke kai wa makwanci ɗaya bayan ɗaya. Ku je gare su tun suna raye. Ku durƙusa ku tambaya.

Mu ba baƙin littafi ba ne. Zamanin Rumfa Shehu Maghili ya zo Kano, ya rubuta wa sarki littafi a kan mulki. Nana Asma'u 'yar Shehu Ɗanfodiyo ta tura jagororin mata ƙauye-ƙauye suna karantar da 'yan'uwansu, aka san su da 'Yan Taru. A Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa daga Zariya, mutum ɗaya ya karanta, dandali guda ya saurara. Har yanzu a zaurukan malamanmu akwai gafakoki cike da rubutun hannu. Gado ne muke son yi wa ɗaki.

To, wane irin ɗaki? Ku saurara, ku ƙara naku.

Mun san yadda ake adana abinci. A kan duwatsu muke ɗora rumbu, don kada danshi ya hau, don kada gara ta sami hanya. Muna yaɓe shi, muna kifa masa jinka, muna leƙa shi a kai a kai. Abin da ke cin hatsi shi ke cin littafi: gara, ɓera, danshi, yoyo. Wanda ya iya tsare damin gero daga kaka zuwa kaka zai iya tsare littafi. Ɗakin karatu rumbun gari ne, sai dai shi ɗiba ba ta rage shi.

Don haka a ɗaga harsashi, a zuba dutse da siminti. A ɗora bango mai kauri, na tubali ko na matsattsen bulon ƙasa. Dogayen bangaye su kalli kudu da arewa, don kada hantsi da ranar yamma su gasa masu karatu. Tagogi su kalli juna, iska ta shiga nan ta fita can. A bar ƙanana a can sama, zafi ya sami mafita. A sa raga saboda sauro, a sa murfi saboda ƙurar hunturu. In soro ne, a gyara indararo kafin ruwan farko. In kwano ne, a ɗaga shi, a ba shi baki mai faɗi ya kare bango. Kantoci su zama na ƙarfe, a janye su daga jikin bango, a ɗaga su daga ƙasa. A ɗora sola a sama, dare ya zama na karatu. A dasa darbejiya da mangwaro tun ranar aza harsashi.

A yi masa zaure. I, zaure! Wurin da mai wucewa zai faɗo ba a tambaye shi takarda ba. A shimfiɗa tabarmi, a ajiye jarida, a girke randa. Dattijon da bai saba da kujera ba ya zauna yadda ya saba. Wanda bai iya karatu ba ya zo a karanta masa.

A yi wa mata nasu sashen. Da ƙofarsu, da banɗakinsu, da mai kula mace, da ɗan filin da yara za su yi wasa a gaban idonsu. Haƙƙinsu ne. Ginin da mata ba za su iya shiga ba ya kori rabin gari. Maigida kuwa, in ya ga an yi tsari na mutunci, hujjarsa ta hanawa ta faɗi.

A kafa shi a tsakiyar jama'a, tsakanin masallaci da makaranta da kasuwa. Kada a kai shi bayan gari don fili ya fi arha. A fitar masa da zankwaye. A kira masu zane su yi masa dagi a goshi. Yaro ya hango shi daga nesa ya ce, "Wancan namu ne!"

Kada ku ce sai an tara miliyoyi. A Abuja an ba da kwangilar ginin hedikwatar Ɗakin Karatu na Ƙasa tun 2006, aka haura shekara 15 ba a gama ba. Mu kada mu ɗauko abin da ya fi ƙarfinmu. Ƙaramin ɗakin da aka buɗe ya fi ƙaton kango. Akwai tsohon sito? Ku share. Akwai ajin da aka daina shiga? Ku nemi izini. Akwai zauren da mai shi ya koma birni? Ku je ku roƙe shi. Ɗaki ɗaya, kanta biyu, littafi ɗari. Ku fara! Sabon gini zai tarar da masu karatu suna jiran sa.

Me za a zuba a ciki? Boko da ajami da Larabci, duk a ƙarƙashin rufi ɗaya. A sa Alƙur'ani da tafsiri, a sa Ahalari da Iziyya da Risala. A sa Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara. A sa littattafan Balaraba Ramat Yakubu da na Ado Ahmad Gidan Dabino da sauran marubutan Kano, waɗanda suka kwaɗaita wa mata da matasa karatun Hausa. A sa lissafi da kimiyya da Turanci, da tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta jarrabawar JAMB. Kada ɗanmu ya fara taɓa kwamfuta a ranar jarrabawa. Ko biyu ne a samu, a riƙa bi layi-layi.

A ware kanta guda ta noma da kiwo. Masu binciken noma na Samaru a Zariya suna buga ƙananan littattafai don manoma, a je a karɓo. Cibiyar IITA tana da gonar gwaji a Minjibir, a cikinmu. Ga Kwalejin Noma ta Audu Bako a Ɗambatta. Ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Bichi. Ga Sakandaren Kimiyya ta Dawakin Tofa tun 1977. Masana sun kewaye mu. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Ku gayyato su zauren karatu ranar kasuwa. Su yi bayanin iri mai jure wuta-wuta. Su nuna buhu mai hawa uku, wanda ke adana wake ba a zuba masa magani ba. Su yi wa masu noman rani na Watari da Tomas bayanin taki da feshi. Su koya wa mata allurar kaji da kiwon awaki.

Yanzu sai rabon aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa ya ji nasa.

Ranka ya daɗe dagaci, kai da masu unguwanni, a ba da fili. A rubuta a takarda, a sa shaidu, a ce waƙafi ne, don kada gobe magada su yi jayayya.

Allah gafarta malam liman, a yi huɗuba a kai. A tuna wa jama'a sadaka mai gudana. A tuna musu ilimin da ake amfana da shi yana bin mutum har kabari.

Alaramma, fito da gafakar da ɓera ke yi wa barazana. A ɗauki hoton rubutun da ke cikinta shafi-shafi, a adana, asalin ya zauna a hannunka. Ka turo gardawa da ƙolawa, wurin nasu ne su ma.

Sarkin noma, a kira gayya. Manomi, in kaka ta yi, ware dami ɗaya. In ba dami, tiya ɗaya. In ba tiya, zo da ƙarfinka.

Magini da birkila, ku ba da yini biyu. Kafinta, benci ɗaya. Mai walda, kanta ɗaya. Mai jaki da mai amalanke, ku kawo ƙasa da yashi. Mai a-kori-kura, sawu ɗaya na dutse. 'Yan ga-ruwa, kura ɗaya ranar kwaɓi.

Iyaye mata, Inna, Gwaggo, Yaya, ku ne ƙashin bayan wannan aiki. Ku ware zubi ɗaya a adashi. Ku shiga kwamiti, ku yi magana a ji. Ku rage wa yarinya talla na awa ɗaya, ta je ta yi karatu. Ku ma ku je.

'Yan cirani na Legas da Fatakwal da Abuja, in za ku dawo damina, ku sa littafi ɗaya cikin tsaraba. Ɗalibanmu na jami'a, littafin da kuka gama da shi kada ya tafi wurin mai ƙosai. Ku kawo shi. In kun zo hutu, ku zauna ku karanta wa ƙannenku. Malamai masu ritaya, ga aikin lada ya samu, ku karɓi makulli.

Alhazan birni 'yan asalin garinmu, Allah Ya ƙara arziki. Mun ga gidajen da kuka gina. Muna jiran kwano da sola da kwamfuta.

Ku kuma masu riƙe da madafun iko, kansila da ciyaman da ɗan majalisa, muna tafe. Jihar Kano ƙananan hukumomi 44 gare ta, mazaɓu 484. A 2019 gwamnati ta ce ilimi kyauta ne kuma dole. A 2024 ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi. To, ga hanyar cika alkawari. Jama'a, duk wanda ya zo neman ƙuri'a ku tambaye shi a gaban kowa, "Ina ɗakin karatun mazaɓarmu?" Ku rubuta wa Hukumar Ɗakunan Karatu takarda, gari guda ya sa hannu. Ku nemi littattafai. Ku nemi a horar da mai kula. Inda kuma akwai tsohon laburare a hedikwatar ƙaramar hukuma, ku je ku duba halin da yake ciki. In a rufe yake, ku nemi a buɗe. In yana yoyo, ku nemi a gyara. Kada ku gaji da komawa.

Sai kuma gargaɗi, ku riƙe shi da kyau. Gini yana da sauƙi a kan riƙo. Kada a yanka ƙyalle, a ci shinkafa, a watse, a bar wa jemagu. A kafa kwamiti, da dattijai da matasa da mata. A karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a. A yanka wa mai kula ɗan abin sabulu duk wata. A buɗe littafin aro, wanda ya ɗauka ya dawo da shi. A sa ranar yaɓe duk shekara kafin damina. A buɗe lokacin da mutane ke da sarari, bayan la'asar da bayan isha'i, don mun san safiyar damina ta gona ce. Kada a shafa masa fentin jam'iyya. Kada a ce na wannan ɓangaren addini ne ban da wancan. Ɗan sarki da ɗan talaka benci ɗaya. Bafulatanin ruga da ɗan cikin gari ƙofa ɗaya.

'Yan'uwa, kada wannan magana ta kwana.

Yau, ka gaya wa mutum uku. Yau, ki gaya wa matan gidanku. Wannan Juma'ar, bayan an sallame, a tsaya a yi shawara. Wannan watan, mota ta tashi zuwa birni. In kaka ta yi, a tara hatsi. In rani ya shigo, a buga tubali. Cikin bazara a yi rufi. Kafin ruwan shuka ya sauka, yaranmu su zauna a ciki suna karatu.

Kada ka jira gwamna. Kada ki jira baƙo. Kada mu jira maƙwabta su riga mu. Mai littafi ya kawo. Mai fili ya bayar. Mai ƙarfi ya ɗauka. Mai murya ya yi shela. Allah Ya ba mu ikon farawa, Ya ba mu ikon gamawa, Ya sa 'ya'yanmu su fi mu sani.

Ku tashi, jama'a! A ɗebo ruwa, a kwaɓa ƙasa!